Aya Ba Laya Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da wannan karin magana muke neman iso, domin akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu ɗalibai Kirista na wannan jami'a. Mun san mujallar nan ta kowa da kowa ce, Musulmi da Kirista, mun kuma san za a sami waɗanda za su ce da mun bar kaza cikin gashinta. To, sai su yi mana gafara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A zangon karatun da ya wuce an gayyato wani baƙon mai wa'azi zuwa taron farkawa na kwana uku. Daren ƙarshe ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya karanta aya ɗaya tak daga sura ta 3 ta littafin Annabi Malakai, wadda take maganar kawo zakka, sa'an nan ya rufe littafin, ya yi ta zuba har wajen sa'a biyu bai sake buɗe shi ba. Ya rantse ya maya cewa duk wanda ya ba da abin da ke aljihunsa a daren nan zai ga ninkin-ba-ninkinsa kafin mako ya zagayo. Wata 'yar'uwarmu 'yar aji biyu ta tashi ta miƙa kuɗin rajistarta gaba ɗaya. Mun san asalin kuɗin nan. Uwarta, wadda mijinta ya rasu, ita ta sayar da awakinta biyu da buhun gyaɗa ta haɗa su. Mako ya zagayo, wata ya zagayo, aka rufe rajista. Yau yarinyar tana ƙauye. Da wasu daga cikinmu suka nemi a tambayi baƙon nan ina aka kwana, sai aka jawo musu wata aya daga Zabura ta 105, wai an hana taɓa shafaffu na Allah, aka ce su yi hattara da bakinsu. Watau da aya ɗaya aka kwashe kuɗin, da aya ɗaya kuma aka toshe bakin masu tambaya.

Abin kunyar shi ne a cikin ɗakin taron nan akwai masu karatun lauya, da masu karatun tarihi, da masu karatun harsuna, kowa kuma da Littafinsa a hannu. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya sunkuya ya karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta ba. Mun mai da aya tamkar laya. Ita laya ba a karanta ta. Naɗe ta ake yi, a ɗinke cikin fata, a rataya a wuya, ana jiran ta yi aiki. Maganarmu a wannan rubutu ita ce, duk ayar da aka tsinko daga zamaninta da mutanenta da harshenta, ta zama makami a hannun wanda ya tsinko ta, kuma mu da aka kashe dukiya aka koya mana karatu ba mu da wani uzuri gaban Allah ko gaban iyayenmu in muka bari ana yanka mu da shi.

Bari mu fara da tuna wa kanmu abin da muke riƙe da shi. Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne, 66 a wurin 'yan Furotesta, 73 a wurin 'yan Katolika, waɗanda aka rubuta cikin tsawon shekaru wajen dubu. A ciki akwai tarihi, akwai dokoki, akwai waƙoƙi da karin magana, akwai annabci, akwai wasiƙu. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra waɗanda suke cikin Aramiyanci. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci ne, irin wanda 'yan kasuwa da sojoji suke yi a ƙasashen gabashin daular Rum a ƙarni na farko. Ba Musa, ba Ishaya, ba Bulus, babu wanda ya taɓa jin kalmar Turanci ko guda. Fassarar Turanci ta Sarki James, wadda wasunmu suke ɗauka kamar daga sama ta sauko, a 1611 aka buga ta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai a 1932 ya fito, bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Duk wanda ya karanta da Hausa ko da Turanci, aikin mai fassara yake karantawa, mai fassara kuwa ɗan Adam ne, yakan dace, yakan kuma gaza.

Daɗin daɗawa, su kansu lambobin surori da ayoyi ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama Babban Bishop na Kantabari a Ingila a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai maɗaba'a Bafaranshe ne, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun yi haka ne don a sami sauƙin neman wuri. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa mutanen Filibi ko na Koranti, wasiƙa ya aika, aka tara jama'a aka karanta musu daga gaisuwa har sa hannu. Wane ne a cikinmu zai sami wasiƙa daga gida, ya buɗe tsakiya ya karanta layi ɗaya, ya ninke ya ce ya ji saƙon babansa? Abin da ba ma yi wa wasiƙar gida, shi muke yi wa Maganar Allah kowace Lahadi.

To, mu koma ga Malakai, mu yi masa tambayoyin da ya kamata a yi a daren nan. Wa yake yi wa magana, a yaushe, a kan me? Malakai ya yi annabci a Urushalima wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Yahudawa suke ƙarƙashin mulkin Farisa, bayan an sake gina haikali. Ma'ajin da ya ambata ɗakin ajiya ne a cikin haikalin, kamar rumbu, inda ake zuba hatsi da mai da ruwan inabi. Abincin Lawiyawa ke nan, kabilar da Shari'ar Musa ta hana ta gādon gona domin ta tsaya ga hidimar haikali. Littafin Nehemiya sura ta 13 ya ba da labarin yadda Lawiyawan suka watse zuwa gonaki saboda an daina kawo musu rabonsu. Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 14 kuma ya bayyana cewa zakkar kowace shekara ta uku a cikin gari ake tara ta, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Kun ji fa! A tsarin da Malakai yake karewa, uwar yarinyar nan tana cikin masu karɓa ne. Har ila yau, da baƙon namu ya ɗaga idonsa sama kaɗan a wannan sura ta 3, da ya tarar da aya ta 5, inda Allah yake barazanar hukunta masu zaluntar gwauraye da marayu da masu danne hakkin ɗan ƙodago. Da ya koma surori biyu na farko kuwa, da ya ga yawancin faɗan littafin a kan firistoci ne. Ba mu ce kada a tallafa wa aikin ikilisiya ba. Sabon Alkawari ya koyar da bayarwa da yardar rai, gwargwadon abin da mutum yake da shi. Amma wanda ya karɓe kuɗin makarantar marainiya da sunan Malakai, Malakai ne zai fara tsayawa shaida a kansa.

Haka ake yi da labarin gwauruwar da ta saka anini biyu a baitulmalin haikali, a ƙarshen sura ta 12 ta Markus. Kuɗin da ta saka shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar, su biyun a haɗe kashi ɗaya ne cikin 64 na dinari, dinari kuwa ladan yini guda ne na ma'aikaci. Kullum ana karanta mana labarin don mu zazzage aljihu. Amma ayoyin da suke daf da shi ta sama, Yesu yana tsine wa malaman Attaura ne masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ayoyin da suke binsa ta ƙasa kuwa, yana faɗin rushewar haikalin ne, abin da ya auku a shekara ta 70 a hannun sojojin Rum. Lambar sura ta 13 da ta gitta a tsakani ita take ɓoye mana haɗin. Wanda ya karanta a jere zai ga Yesu ya yabi zuciyar matar, ya kuma tona asirin masu cin guminta. Me ya sa ake ba mu rabin farko a ɓoye na biyu? Amsar ba ta da wuya.

Saura ayar toshe baki. Zabura ta 105 waƙa ce ta tarihin Isra'ila. Ayoyin da suka gabaci ta 15 suna maganar lokacin da kakanninsu suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah kuma yana tsawata wa sarakuna saboda su. Shafaffun nan su ne Ibrahim da Ishaku da Yakubu, sarakunan kuwa irin su Fir'auna da Abimelek ne, kamar yadda littafin Farawa ya ba da labari a sura ta 12 da ta 20. Ashe ayar kariya ce ga baƙo marar ƙarfi daga hannun mai iko. Yanzu an juya ta, ta zama garkuwar mai iko daga tambayar marar ƙarfi. In da tambayar shugaba zunubi ce, da Annabi Natan bai tsaya gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa a kan matar Uriya ba, alhali kuwa Dawuda an zuba masa man naɗi na gaske. Da Bulus kuma bai tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya ba.

Ga kuma wata aya da muke mannawa a ƙofofin ɗakunanmu lokacin jarrabawa, ta Irmiya sura ta 29 aya ta 11, mai maganar kyakkyawan nufin Allah da bege na nan gaba. Kowa yana karanta ta kamar takardar shaidar cewa zai ci jarrabawa ya sami aiki bana. Wannan aya tsakiyar wata wasiƙa ce da Irmiya ya aika wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani mai suna Hananiya ya riga ya yi musu annabcin daɗin baki, ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Irmiya ya ƙaryata shi. Ya ce shekara 70 za a yi, saboda haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da ya bautar da su. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar a Babila suka mutu. Alkawarin gaskiya ne, ya kuma cika bayan Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, amma ga al'umma aka yi shi, 'ya'ya da jikoki ne suka ga cikarsa. A nan ma Hausa ta fi Turanci amfani gare mu. Turancin yau kalma ɗaya yake da ita ga kai da ke da ku, alhali Ibrananci da Helenanci suna rarrabewa kamar yadda Hausa take yi. A wannan wuri jam'i ne. Ɗalibin da ya raina Littafinsa na Hausa ya rungumi na Turanci don a ce ya waye, ya ji kamar shi kaɗai ake nufi, ga shi kuwa kakarsa da ke sauraro a ƙauye ta ji daidai. Mai wa'azin da ya yi alkawarin ninki cikin mako guda, ku duba da kyau, da Irmiya ya yi kama ko da Hananiya?

Wani zai ce wannan duk ƙananan abubuwa ne. To, bari mu duba abin da irin wannan karatu ya jawo wa baƙar fata. Shekaru ɗaruruwa masu cinikin bayi da masu gonakin auduga a Amurka suna kafa hujja da sura ta 9 ta Farawa, wai Nuhu ya la'anci Ham, wai Ham shi ne uban baƙaƙe, don haka bauta gādonmu ce. Duk wanda ya buɗe wurin zai ga Kan'ana aka la'anta, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ham huɗu, kuma babu maganar launin fata ko kaɗan. Kush, wanda ake danganta shi da mutanen kudancin Masar, la'anar ba ta ambace shi ba. Labarin ya shafi dangantakar Isra'ila ne da Kan'aniyawan da suka zauna ƙasa ɗaya da su. A 1807 aka buga wani littafi a Landan musamman domin bayin da ke tsibiran Karebiyan na Ingila. Surori 232 kacal aka bari daga cikin 1,189. Aka cire labarin fitowar Isra'ilawa daga bautar Masar, aka cire inda Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa bawa da ɗa ɗaya suke cikin Almasihu, aka bar wurin da ya umarci bayi su yi biyayya. Waɗanda suka yi wannan aiki sun san abin da suke yi sarai. Sun san bawan da ya karanta littafin gaba ɗaya ba zai zauna lafiya cikin mari ba. A Afirka ta Kudu kuma, bayan an kafa mulkin wariyar launin fata a 1948, malaman babbar ikilisiyar Turawan Buwa sun yi ta kare shi da labarin hasumiyar Babila, har sai da taron ikilisiyoyin Rifom na duniya ya zauna a Ottawa a 1982 ya yanke cewa wannan koyarwa bidi'a ce. Kada kuma mu ce abin ya wuce. A watan Afrilu na 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har adadinsu ya haura 400, mabiyan wani mai wa'azi da aka tuhuma da sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Mutumin da ya taɓa karanta Ishaya sura ta 58, inda aka bayyana azumin da Allah yake so da raba abinci ga mayunwata da kwance sarƙar waɗanda aka zalunta, da wuya a ja shi cikin daji ya hana ɗansa ruwa. Abin da Turawan 1807 suka yi da almakashi, mu yanzu da hannunmu muke yi wa kanmu.

Mun san abin da masu sukar wannan ra'ayi za su ce, domin mun sha ji. Na farko za su ce Ruhu Mai Tsarki ya isa, ilimi kumbura kai yake yi, su kuma jawo ayar 2 Korantiyawa sura ta 3 wadda ta gwama harafi da Ruhu. Abin dariya, ita ma wannan tsinko ta suka yi. Harafin da Bulus yake nufi a can Shari'ar da aka zana a allunan dutse ce a zamanin Musa, yana gwada ta da sabon alkawari. Babu ruwan wurin da hana nazari. Za su ƙara da cewa ai manzanni masunta ne, ba su yi makaranta ba. Gaskiya ne, amma su Bitrus da Aramiyanci aka yi musu reno, sun san haikali da idonsu, sun biya harajin Rum da hannunsu, sun sha jin Attaura kowace Asabar tun suna yara. Abin da suka sha a nono, mu da muke nesa da su da shekara dubu biyu sai mun yi gumi za mu same shi. Kada kuma mu manta, a labarin jarabtar Yesu cikin jeji, Shaiɗan ma aya ya jawo, daga Zabura ta 91, don ya sa shi ya faɗo daga kan haikali. Iya jawo aya ba shaidar Ruhu ba ce.

Na biyu za su ce wannan hanyar Turawa ce, ta masanan da suka yi ta tone-tone har suka rasa bangaskiyarsu. Ba mu musa cewa an yi irinsu ba. Ba mu kuma musa cewa akwai tsohuwar da ba ta san ko bihim ba, amma ta fi shehun malami riƙon umarnin ƙaunar maƙwabci. Sai dai wannan nazari a Afirka ya yi jijiya tun kafin Turawan arewa su san shi. Orijin, ɗan Iskandariyya ta Masar, shi ne a ƙarni na 3 ya jera Tsohon Alkawari layi shida gefe da gefe, Ibrananci da fassarorin Helenanci, don a gwada su. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya rubuta cewa mai karatu da Latin yana bukatar Ibrananci da Helenanci don ya warware saɓanin masu fassara. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi a 1822 ya zama bishop a 1864, ya koyi Helenanci, ya kuma jagoranci fassara zuwa Yarabanci. Byang Kato ɗan Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya yi karatun tauhidi har digirin digirgir, bai kuwa rasa bangaskiyarsa ba. Tun a Ayyukan Manzanni sura ta 8 ma, ma'ajin sarauniya Kandake yana cikin karusarsa yana karatun Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, shi kuwa bai ji kunyar cewa yana bukatar mai yi masa jagora ba. Fassarori suna kiransa mutumin Habasha, amma Kandake sarautar matan Merowe ce, a bakin Kogin Nilu cikin Sudan ta yau. Babban ma'aikacin gwamnati, baƙar fata ɗan'uwanmu, ya tsai da karusa ya yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne mun fi Bature kusa da duniyar Littafi Mai Tsarki, amma mun je muna aron idon masu wa'azin talabijin na Amurka. Sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa ya ce kada su tsaya gaisuwa a hanya, Bature yakan rikice, mu kuwa da muka san yadda gaisuwa take cin lokaci, daga lafiyar gida har gajiya har ruwa har dabbobi, mun gane gaggawar aiken yake nufi. Rut da ta bi bayan masu girbi a gonar Bo'aza, kala take yi, kuma mun san wace irin mace ce take fita kala. Makiyayin da yake tafiya a gaba tumaki suna bin muryarsa, mun gan shi a bayan garinmu. Mun san rijiya, mun san masussuka, mun san fitilar da mai yake ƙare mata da tsakar dare ana jiran ango. Wannan arziki ne. Amma fa kama da wane ba ta wane. Kalmar Ibrananci da ke Fitowa sura ta 22 aya ta 18 tana nufin mai aikin sihiri ne, a cikin dokar ƙasar Isra'ila ta dā. Da aka ɗora mata fahimtarmu ta maita, sai ga masu wa'azi suna nuna ƙananan yara da yatsa, iyaye suna azabtar da 'ya'yan cikinsu, har Jihar Akwa Ibom ta kafa doka a 2008 ta haramta laƙaba wa yaro maita. Al'adarmu tana iya buɗe mana ƙofa, amma sai tarihi da harshe sun tabbatar mana ɗakin da muka shiga.

A nan ya kamata mu dubi 'yan'uwanmu Musulmi da muke zama ɗaki ɗaya da su. In watan azumi ya kama aka zauna tafsiri, mai jan baki yakan karanta nassin da Larabcinsa, malam ya fassara, ya faɗi sababin saukar ayar, ya kawo abin da magabata suka ce. Yaro tun yana ƙarami ake nuna masa cewa fassara daban, asali daban. Mu ma muna da irin wannan gādo. A Nehemiya sura ta 8, Ezra ya hau mumbari ya karanta Shari'a tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa suna bi suna bayyana wa jama'a ma'ana. Ina muka yar da shi?

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, ba kuwa abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Ba mu ce kowa sai ya zama gwanin Helenanci ba. Amma kowane ɗalibi yana iya ɗaukar wa kansa alkawari cewa ba zai karɓi aya daga bakin kowa ba sai ya karanta surar gaba ɗaya, ya tambayi wanda ya rubuta, da waɗanda aka rubuta wa, da halin da suke ciki, da irin rubutun, waƙa ce ko doka ko wasiƙa. Wasiƙar Filibiyawa sura huɗu ce, ba ta kai tsawon abin da muke haddacewa daren jarrabawa ba. Wanda ya karanta ta a zama ɗaya zai gane cewa shahararriyar ayar nan ta iya yin kome, ɗaurarre ne ya rubuta ta daga kurkuku, yana maganar jimre wa yunwa da ƙoshi. Mu riƙa ajiye fassarar Hausa kusa da ta Turanci, da ta harshen gida ga wanda yake da ita, mu gwada. Shugabannin ƙungiyoyinmu na zumunta su rage gayyato masu tsawa da gumi, su riƙa kiran malamai daga makarantun tauhidi irin ta Bukuru, a zauna a bi littafi ɗaya daga farko har ƙarshe cikin zango. A kuma kafa ƙa'ida cewa duk baƙon da ya hau mumbari a harabar nan zai tsaya ya amsa tambayoyi bayan wa'azi, kuma ba za a karɓi kuɗi da alkawarin riba ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya saboda suna komawa ga Littattafai kowace rana su bincika ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an bincika Bulus har aka sami yabo, wane ne wannan da ya fi ƙarfin bincike?

Daga ƙarshe, akwai bashi a wuyanmu. Mu da muka zauna muna tafi a daren nan, da mu aka yi. Muna roƙon shugabannin zumunta su buɗe asusu a tara wa 'yar'uwar nan kuɗin rajistar zango mai zuwa, a aika a ɗauko ta. Wannan ita ce zakkar da Malakai da Musa za su gane in sun gani. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar bincike, ya raba mu da karatun aku, amin.